Kafin a tada masaƙun Kakuri, a leƙa lungunanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi tsokaci a kan maganar farfaɗo da masaƙun Kaduna, wadda ba ta ƙarewa a bakin mahukunta. Kusan duk gwamnatin da ta zo sai ta tura manyanta Kakuri, a buɗe musu ƙyauren da ya yi tsatsa, a ɗauki hoto a gaban injina, a yi alkawari, a tafi. Ni ba na adawa da tada masana'anta. Damuwata ita ce ayarin motocin nan a kwalta yake tsayawa, ba ya shiga lungunan da ke bayan katanga, alhali a can mutanen da masaƙun suka tara suke zaune har gobe.

Yaran yanzu ba su san yadda unguwar ta samu ba. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta fara aiki da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Masaƙun Nortex da United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya zo a 1975. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ce ke ciyar da injinan. Mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina, Bahaushe da Banufe, Tibi da Idoma, mutanen kudancin Kaduna da na kudancin ƙasar nan. Adams Oshiomhole ma a Arewa Textiles ya fara harkar ƙungiyar ƙwadago. Masu fili a Kakuri da Makera da Nasarawa da Kurmin Gwari suka riƙa jera ɗakuna suna fuskantar juna, siririn lungu a tsakani, makewayi ɗaya a ƙarshen gida. An gina su ne don saurayi mai albashi wanda zai kwana, jiniya ta busa ya fita. Ba wanda ya yi lissafin zai yi aure ya hayayyafa a wannan ɗakin, balle a ce wata rana jiniyar za ta daina busawa.

Yadda aka yi suka durƙushe sananne ne: tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 da ya karya darajar naira, rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina, da atamfar waje da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, kodayake an sake buɗe wani sashenta a 2010.

Abin da nake so masu karatu su lura da shi, talaucin garin masana'anta daban yake da na ƙauye. Talakan ƙauye yana da gona ko da ta gado ce, yana da rumbu, yana da itacen da zai sara. Wanda ya yi shekara ashirin a gaban injin saƙa ba shi da ko ɗaya. Sana'ar da ya ƙware a kai ba ta yiwuwa sai da injin da ba nasa ba, garinsu kuma ya daɗe da zama baƙo a cikinsa. Komai saye yake yi, har ruwan alwala. 'Yan garuwa ke kawo jarka ƙofar ɗaki, ran da babu wuta kuɗin ya ƙaru. Awo ya tashi daga buhu ya koma mudu, daga mudu ya koma gwangwani, man gyaɗa da magi da omo duk a ƙulli. Littafin bashin mai shago, wanda a da ake sharewa ranar albashi, yanzu ba shi da ranar sharewa, don haka mai shagon ma ya rufe shi. Mai abinci a bakin ƙofar kamfani, da tela, da mai gyaran keke, duk albashin nan suke ci a kaikaice, kuma tare suka faɗi.

Tsoffin ma'aikata sun koma gadi, dako, tuƙin Keke Napep na haya ga mai sauran ƙarfi. Amma gaskiyar magana, mata ne suka riƙe gidajen nan. Su ke suyar awara da ƙosai a bakin lungu, su ke wankau, su ke zubin adashi don kuɗin haya ya fito. Farashin hakan kuwa yarinya ce ke biya, wadda ke ɗauke da farantin talla a lokacin da ya kamata tana aji. Samari kuma ga su nan a bakin kwata, wasu na jari-bola, wasu sun faɗa shaye-shaye. Sai ka ji mai ƙoshi yana cewa lalaci ne. Wane lalaci, ga wanda ubansa ya kwana tsaye yana aikin dare don a sa suturar Sallah?

Da damina lamarin ya fi muni. Kwata ta toshe da leda, ruwa ya biyo lungu ya shiga ɗaki, a ɗora tabarma da buhun gari a kan kujera a jira gari ya waye. Gida mai ɗaki goma sha, makewayi ɗaya, layi tun asuba. Rijiya kuma taku kaɗan ne tsakaninta da masai. Daga nan zazzaɓin cizon sauro da gudawar yara suke fitowa, kuɗin da aka tara na haya ya tafi kemis. Rikicin 2000 da na 2002 ya ƙara dagula al'amura, domin maƙwabtan da suka yi shekaru suna aron gishiri a wurin juna sun watse, kowa ya nemi inda masu addininsa suka fi yawa, aka rasa ɗan taimakon da zaman tare ke bayarwa.

An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don tallafa wa harkar auduga da saƙa da ɗinki. Madalla. To, yashe kwata da haƙa burtsatse da gina makewayin jama'a a lungunan nan ba su kai ko kusa da wannan ba, ba kuma sa buƙatar jiran mai zuba jari daga waje. Hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu a Makera take, da ƙafa ma shugabanta zai iya zagaya wuraren. Sannan akwai haƙƙin sallama na tsoffin ma'aikatan KTL, wanda jaridu suka sha ruwaito yadda suka yi shekaru suna zanga-zanga a kansa, da yawansu har suka rasu suna jira. Jihohin Arewa 19 ne ke da masaƙar. Gwamnonin da ke taruwa a Kaduna su yi ta jawabi a kan gadon Sardauna, wannan bashi ma yana cikin gadon.

Ya Edita, idan aka sake kiran wakilinka rakiyar manya zuwa Kakuri, don Allah ka ce masa ya bar ayari a bakin ƙofa, ya shiga lungu ya tambayi matan gida nawa suke sayen jarkar ruwa, nawa ne hayar ɗaki, kuma yara nawa ke kwana a cikinsa. Ya buga mana amsar da adadinta.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Kaduna ta Kudu