Maganar rancen ƙanenka

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da duk mutanenmu na Zangon Kumasi. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, na kuma ga abin da ke damunka: ƙanenka ya sake neman rance alhali na baya bai biya ba, har kana tambaya ko ya faɗa wata hanya ce da ba ka sani ba. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ta wannan fuskar ka kwantar da hankalinka. Ba caca yake yi ba, ba kuma aure yake shirin ƙarawa ba. Duk abin da kake aiko masa tukunya yake shiga.

Ka daɗe rabonka da gida, don haka bari in tuna maka. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Darajar naira ta zube, komai ya bi bayan mai. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, nan Kano aka ce 71,000, amma a lokacin buhun shinkafa ɗaya ya haɗiye wannan kuɗin har yana neman ciko. Ku ma ai kun ɗanɗana naku a 2022 da kuɗinku na Ghana, sidi, ya faɗi, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

To ga yadda watan ƙaramin ma'aikaci irin ƙanenka yake tafiya. Albashi ya shigo, kafin ya bar bakin mai POS an riga an raba shi: mai shago na da nasa, mai garin tuwo na da nasa, ga kemis ɗin da aka karɓo maganin yaro, ga zubin adashe da ba a isa a tsallake ba. Abin da ya rage ba ya kai shi tsakiyar wata. Daga nan sai a koma wajen mai shago a ce a rubuta. Wato abincin wannan watan da albashin watan gobe ake cinsa, na gobe kuma da na jibi. Mutane na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya ne, amma wanda ya ranci kuɗi ya sari kaya yana da abin da zai sayar ya biya. Wanda ya ranta ya auno masara fa? An tuƙa, an cinye, gobe da safe yara za su sake miƙo kwano.

Littafin mai shago ma da sauƙi, don ya san mahaifinku, ba ya ɗora ko kwabo a kai, kuma in ya ga mutum a masallaci ba ya tada zancen. Sai dai shi ma jarinsa ya karye, dila ba ya ba shi kaya sai da kuɗi a hannu, har wasu sun manna takarda a ƙofa cewa ba bashi. Nan ne abin da nake tsoro ya shigo, wato manhajojin ba da rance na waya. Cikin 'yan mintoci kuɗi sun faɗo asusu, ba jingina, ba shaida. Wa'adin kuwa mako ɗaya ko biyu, da kuɗin ruwa mai nauyi, ga haramcin riba da kowa ya sani amma yunwa ta sa ake kau da kai. Wasunsu kafin su ba ka sai ka yarje musu shiga lambobin wayarka. Ranar da ka makara, saƙo zai je wa surukinka da shugabanka a wajen aiki cewa kai macuci ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fara sa musu ƙa'ida tun 2022, amma wanda aka riga aka tona wa asiri a gaban surukai, wa zai mayar masa? Na san magidancin da ya ci na manhaja ta biyu don ya toshe bakin ta farko. Ƙanenka bai kai nan ba tukuna, na tambaye shi ido da ido.

Shawarata, ka daina kiran abin da kake ba shi rance. Kai ka san ba zai dawo ba, shi ma ya sani, sunan bashin kawai ke sa shi jin nauyin ɗaga wayarka, har kana ganin kamar guje maka yake yi. Ayar da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ita ce kuma ta ce yafewa ya fi alheri. Ka yafe na baya, ka faɗa masa da bakinka. In kana da hali, abin da za ka aiko nan gaba a haɗa shi wuri guda lokacin kaka, a shiga kasuwar Dawanau a sayi buhun masara da na gero tun farashi na ƙasa, a ajiye. Matarsa kuma ta iya ɗinki, kekenta ne ya lalace tun bara. Gyaransa ba zai kai rabin abin da ka turo da azumi ba.

In ka amince, ni zan raka shi kasuwar, ka san shi da kunyar ciniki. Ka sanar da ni kafin sabon hatsi ya fara shigowa. A gaida Hajiya da yara, a ce wa uwargida muna nan muna jiran man kaɗanyar da ta yi alkawari.

Wassalam,
Naka har kullum, daga Kano.