A Daina Buɗe Rumbun Manhaja Ga Kowa Don Girka Manhajar Ya Ƙi Tafiya

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan uwana masu kula da ɗakunan kwamfuta a makarantu da ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa, waɗanda suka yawaita tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Mai kula da kwamfutoci ɗari biyu ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya da filashi ba, shi ya sa ake ajiye manhajoji a folda guda a kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, a bar wa kayan aikin atomatik irin su Ansible ko Puppet ko tsarin Group Policy na Windows aikin girka su. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gyara idan girkin ya ƙi.

Kukan da aka saba ji shi ne: da hannu manhajar tana shiga lafiya, amma ta atomatik sai ta faɗi. Yawanci dalilin ɗaya ne, wato wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar foldar ba kai ba ne. Puppet da Group Policy suna aiki ne da asusun SYSTEM, wato asusun kwamfutar kanta a Windows, wanda idan ya fita neman fayil a wata na'ura yakan gabatar da kansa da sunan kwamfutar, ba da sunan ma'aikacin ba. Kamar ka aiki yaro sito ne alhali mai gadi kai kaɗai ya sani. Maganin shi ne a ba rukunin Domain Computers, wato rukunin kwamfutocin cibiyar, izinin karantawa kawai, kuma a ba shi a wurare biyu, a izinin rabon foldar da kuma izinin NTFS, wato izinin fayilolin a kan faifan, domin wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki. Haka nan harafin da ka laƙaba wa foldar, kamar Z:, naka ne kai kaɗai a zamanka, SYSTEM ba ya ganinsa, don haka dole a rubuta cikakken adireshin da ke farawa da sunan uwar garken.

Matsalar Ansible ta ɗan bambanta. Yana shiga kwamfutar ta WinRM, hanyar sarrafa Windows daga nesa, da sunanka, amma idan tantancewar ta NTLM ce, shaidarka ba ta iya yin tsalle na biyu daga wannan kwamfutar zuwa uwar garke. A nan akwai zaɓi: a ba Kerberos, wani tsarin tantancewar, damar miƙa shaida, ko a yi amfani da umarnin become, wanda ke gudanar da aikin da sunan wani asusu, tare da kalmar sirri da aka kulle a Ansible Vault, ko kuma a fara kwafo fayil ɗin cikin kwamfutar kafin a girka, wanda a ganina shi ya fi sauƙi ga ƙananan cibiyoyi. Tsarin tantancewa na CredSSP ma yana aiki, sai dai yana miƙa shaidarka ga kowace kwamfutar da ka shiga, kuma ban ga hikimar yin hakan a ɗakin da ɗalibai ke shige da fice ba.

Akwai kuma wata cuta da yanayinmu ke ƙara wa ƙarfi. Kerberos ba ya yarda da saɓanin agogo da ya wuce minti 5, ga shi kuwa yawancin kwamfutocinmu tsofaffi ne na hannu, ƙaramin batirin da ke riƙe musu lokaci ya mutu, wuta kuma tana ɗaukewa. Da safe sai a tarar wasu sun koma wata shekara, a ɗora laifi kan manhaja, alhali canza batiri da daidaita agogo ne gyaran.

Ina kuma kira da a riƙa karanta rahoto kafin a taɓa komai. Idan aka ƙara wa msiexec, manhajar girki ta Windows, umarnin /l*v zai rubuta duk abin da ya faru. Lamba 1619 tana nufin bai iya buɗe fayil ɗin ba, wato a duba adireshi da izini. 1618 tana nufin wani girkin na gudana. 1603 faɗuwa ce da sai an shiga rahoton za a san dalilinta. 3010 kuwa nasara ce, sake kunna na'ura kawai ake bukata.

Abin takaici, gajerar hanyar da nake yawan tararwa ita ce a ba Everyone, wato kowa da kowa, cikakken iko a kan foldar, a rubuta kalmar sirrin shugaban tsarin a fili cikin umarni, a kashe katangar tsaro, har a sake kunna tsohuwar hanyar rabon fayil ta SMBv1, wadda ta cikinta ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a duniya a watan Mayun 2017. Duk wanda ya samu damar rubutu a wannan folda zai iya musanya manhajar da tasa, kuma tsarinmu da kansa zai raba ta ga kowace kwamfuta da cikakken iko. Ina roƙon shugabannin cibiyoyi su tambayi ma'aikatansu a wannan mako su waye ke da izinin rubutu a foldar manhajoji, su kuma ba su lokaci da na'urar gwaji guda da za su riƙa gwada girki a kanta da asusun SYSTEM kafin a sake shi ga sauran.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin kwamfuta, Zariya.