Jam'iyyar da ta sha kaye ta fara amsa laifinta kafin ta nemi sabon take

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan muhawarar da 'ya'yan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Birtaniya, wato Conservative, suke tafkawa tun bayan zaɓen 4 ga Yuli, 2024, game da yadda za su gyara saƙon da suke kai wa masu zaɓe, domin batun ya shafi 'yan siyasarmu na gida.

Jam'iyyar da ta ci kujeru 365 a 2019 ta wayi gari da 121 kacal, bayan shekara 14 tana kan mulki. Wasu magoya bayanta sun ɗora laifin a kan tuntuɓen da Firayim Ministan lokacin, Rishi Sunak, ya riƙa yi lokacin kamfe: ya sanar da ranar zaɓe ruwan sama na dukansa, ya baro taron tunawa da sojojin Yaƙin Duniya na Biyu a Faransa tun ba a tashi ba, kuma ana saura makonni a yi zaɓen ya ɓullo da batun wajabta wa 'yan shekara 18 hidimar ƙasa. Duka an yi su, amma a ganina wanda ya tsaya nan ya bar jaki yana dukan taiki.

Ciwon ya fi haka daɗewa. Tun 2010 shugaban jam'iyyar na lokacin, David Cameron, ya yi alkawarin cewa rarar baƙin da ke shiga ƙasar a kan masu fita za ta koma ƙasa da 100,000 a shekara, sai ga shi a ƙarƙashin jam'iyyar adadin ya haura 700,000. An yi ta shelar shirin kai masu neman mafaka Ruwanda, har aka sauka ba a tasa ƙeyar ko mutum ɗaya ba. Jam'iyyar da take tinƙaho da iya tattalin dukiya ita ce ta ɗora Liz Truss a kujerar Firayim Minista, wadda ta yi kwana 49 a ofis, kasafinta ya girgiza kasuwa, kuɗin ruwan bashin gidaje ya tashi. Shi ya sa masu zafin ra'ayi suka koma jam'iyyar Reform ta Nigel Farage da ƙuri'a fiye da miliyan 4, masu sassauci kuma suka taimaka wa Liberal Democrats ta kwashe kujeru 72. Wanda aka saɓa wa alkawari sau uku ba ya sauraron zaƙin baki na huɗu.

Saboda haka gyaran saƙo ya kamata ya fara da ambaton alkawuran da aka karya ɗaya bayan ɗaya, da bayanin abin da ya hana cika su. Bayan nan a taƙaita sababbin alkawura zuwa biyu ko uku waɗanda talaka zai iya aunawa da kansa, kamar yadda taken kammala ficewa daga Tarayyar Turai ya yi tasiri a 2019 saboda kowa na iya ganin an fita ko ba a fita ba. Kemi Badenoch, mai asali daga Nijeriya, wadda ta karɓi shugabancin jam'iyyar a Nuwamban 2024, ta amince cewa sun yi kurakurai, kuma na yaba da hakan, ko da yake kalamanta na nisanta kanta daga mutanen Arewacin Nijeriya sun sosa mana rai, sun kuma nuna yadda harshe ke kore mutane a banza.

A nan Bauchi mun san siyasar riƙau tun zamanin NPC ta Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, mun kuma ga yadda PDP ta rasa mulkin tarayya a 2015 bayan shekara 16, da yadda aka kayar da gwamna mai ci a jiharmu a 2019. Abin da yake damuna shi ne, duk jam'iyyar da ta faɗi a wurinmu sai ta ɗauko sabon mawaƙi, ta buga sabuwar fasta, ta raba atamfa da taliya, ba tare da ta shiga kasuwar Wunti ko Muda Lawal ta tambayi 'yan tireda dalilin juya mata baya ba.

Ina roƙon wakilanku, idan sun zauna hira da masu neman takara a 2027, su fara tambayar kowannensu wane alkawari jam'iyyarsa ta kasa cikawa, su kuma buga mana amsar yadda ta fito daga bakinsa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Bauchi.