Bayanin Kwamitin Ruwa Kan Aikin Burtsatse: Dalilin Haƙa Sau Biyu

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwanmu na gida da mazauna Gusau, Kano da Abuja.

Tun da aka kunna famfo muke jin tambaya iri ɗaya, a majalisa da kuma dandalinmu na WhatsApp: an tara kuɗin rijiya ɗaya, ya aka yi aka haƙa biyu, ɗaya kuma tana toshe da siminti? Wasu ma sun ce kwamiti ya ci. Maganar ta yi mana zafi, amma wanda ya ba da guminsa yana da haƙƙin tambaya. Lissafin naira da kwabo, da kwafin kowane rasit, an liƙa su a ƙofar masallacin Juma'a, na asali kuma suna hannun ma'aji. A nan dalili za mu kawo.

A zaman farko an amince da burtsatse mai sola maimakon mai tuƙa-tuƙa, da tanki a kan ƙarfe, da bakin famfo a tsakiyar gari. Wannan babu wanda ya ja. An kuma zaɓi filin da ke bayan tsohuwar kasuwa saboda kusancinsa da gidaje, kuma a nan muka yi kuskure.

An haƙa, ruwa ya fito garau kamar hawaye, yara suna ta tsalle a cikinsa. Sai malamin asibitinmu ya ja mu gefe ya tuna mana cewa wannan gangaren ne wurin da aka daɗe ana wanke ƙasar zinare, kududdufin ma yana nan bai bushe ba. Ya ce kada kowa ya kai ruwan baki sai an gwada. Muka cika kwalabe, muka aika ɗakin gwaje-gwaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma, ƙarfe mai guba da ke cikin dutsen zinaren nan, ta wuce mikirogiram 10 a kowace litar ruwan sha. Namu ya wuce. Muka ce ƙila kuskure ne, muka sake aikawa wani wuri, amsa ta dawo iri ɗaya.

Da aka bincika, sai aka ga masu haƙar ba su yi nisa ba, kuma ba su zuba siminti a kewayen bututun daga sama ba. Ruwan saman ƙasa, wanda ya ratso ragowar dutsen da aka niƙe, yana bin jikin bututun yana gangarawa ciki. Mun nemi su dawo da wani abu daga cikin kuɗin, sun ƙi. Laifinmu shi ne ba mu rubuta wannan sharaɗi a yarjejeniya ba, kuma mun ɗauka.

An ce mana ai da mun bar ta, a riƙa tafasawa ko a jefa alam. Jama'a, dalma ba ƙwayar cuta ba ce da wuta za ta kashe. Idan aka tafasa, ruwa ne ke tafiya da tururi, gubar tana nan a tukunya, har ma ta ƙara yawa a ɗan abin da ya rage. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mu kuwa mutanen ƙasar Anka ba labari aka ba mu ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, bayan an riƙa daka dutsen zinare ana niƙa shi cikin gidaje. Mun ga yaro yana wasa da safe, da yamma yana jijjiga. Waɗanda likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka ceto, wasu har yau ba sa gani, wasu karatu ya gagare su. Ƙauyen Bagega sai a 2013 aka kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa, a 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gaskiya ne akasarin gubar ta ƙura da ƙasa ta shiga jikin yaran, amma rijiyoyi da kududdufai ma ba su tsira ba. Da wane ido za mu kalli uwa idan ɗanta ya sha dalma daga famfon da muka gina da kuɗinku?

Shi ya sa aka toshe ta. Ta biyu an haƙa ta a tudu, nesa da wuraren wanki, ta fi nisa a ƙasa, kuma 'yan kwamiti suna tsaye aka zuba simintin. Nisan ya jawo sayen ƙarin bututu, masu injin kuma suka ƙara farashi saboda halin da hanya take ciki. An gwada ruwanta sau biyu, ya fita lafiya. Takardun gwajin suna tare da rasit.

Da ba don Allah ya kawo mana Alhajinmu na Kano ba, da aikin ya tsaya a rami. Ya ji labari, bai tambayi kowa ba'asi ba, ya sayi faifan sola da injin tura ruwa, ya kuma hana a ambaci sunansa. Allah ya jiƙan mahaifansa, ya sa ya tarar a mizani. Mai gari, ranka ya daɗe, mun gode da filin. Iyayenmu mata sun juyo mana kwasar adashi guda sukutum, matasa kuma sun haƙa hanyar bututu da diga da shebur cikin rana ba su karɓi ko sisi ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Tsofaffin rijiyoyin cikin gidaje suna nan baki buɗe, iska na zuba musu ƙura, kuma mutanen unguwar yamma har yanzu su suke ja saboda famfo ya yi musu nisa. Muna buƙatar bututu da zai kai musu ruwa, da siminti na murafun rijiyoyi, da waya da za a kewaye kududdufin nan don yara da dabbobi. Akwai kuma kuɗin sake gwaji bayan damina, domin lokacin ne ruwa ke motsa abin da ke cikin ƙasa. 'Yan'uwanmu masu haƙar zinare, ba mu ce ku bar neman halalinku ba, roƙonmu kada a shigo da dutse gari, kada a yi wanki kusa da tudun. Mai buhun siminti ya kawo, mai bututu ɗaya ya kawo, ma'aji zai ba da rasit nan take. Muna fatan a rufe rijiyoyin kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam.
Kwamitin Ruwa