Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Likitan Dabbobi na Ƙasa: wai sai yaushe tantabarunmu za su tashi?

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, ya aiki. Ba zan ja ka da dogon gaisuwa ba don nasan teburinka cike yake, nima kuma raina a ɓace yake.

Yau sati bakwai kenan da fitowar sanarwar dakatar da duk wani taron tsuntsaye saboda agwagin daji da aka tsinta a mace a bakin tafki, gwaji ya nuna murar tsuntsaye ce. Cikin layi ɗaya aka yi mana kuɗin goro, kasuwar kaji da baje kolin agwagi da talo-talo da tseren tantabaru, duk "har sai abin da hali ya yi". To ranka ya daɗe halin nan har yanzu bai yi komai ba? Ko rana ba a sa mana ba, ko sharaɗi ɗaya ba a faɗa ba wanda za a ce in an cika shi za a ɗage dokar. Wannan shirun shi ne ya sa na ɗauki waya nake rubuta maka, ba dakatarwar kanta ba.

Kai da bakinka, lokacin da wakilan ƙungiyoyinmu suka zo ofishinka kafin a shiga kakar tsere, ka ce ba za a sake haɗa tantabara da kaza a kwando ɗaya ba, ka ce duk matakin da za a ɗauka sai an auna haɗarin kowane irin tsuntsu daban, kuma za a fito da sakamakon awon kowa ya gani. Har tafi aka yi maka. Ina awon? Ko shima murar ce ta kama shi an killace shi?

Kar ka ɗauka irin mutanen nan ne mu masu cewa cutar ƙarya ce ko kuma hanyar cin kuɗi. Wallahi muna bin labarinta fiye da yadda kake zato, don dukiyarmu fiffike gare ta. Mun san H5N1, wato nau'in murar tsuntsayen nan, tun 1996 aka fara ganinta a jikin dinyoyi a lardin Guangdong na ƙasar Sin, 1997 ta kashe mutane a Hong Kong, 2005 ta zubar da dubban tsuntsayen daji a tafkin Qinghai na Sin daga nan ta bi masu ƙaura ta yi yamma. Irin da ke yawo tun wajen 2020 kuwa ya fi na baya rashin imani, ƙarshen 2021 gauraki dubbai suka mutu a kwarin Hula na Isra'ila, 2022 ya yi ɓarna a tsibirin Bass Rock na Sikotilan inda tsuntsayen teku ke taruwa su yi ƙwai, ya tsallaka Amurka ta Kudu ya kashe har dabbobin teku a gaɓar Peru, farkon 2024 aka tabbatar da shi a Antatika, a watan Maris na shekarar kuma sai ga shi a jikin shanun madara a Amurka. Wanda ya san wannan ba zai yi wasa da ita ba. Mai gonar kajin da aka kashe wa kaji dubbai rana ɗaya ɗan'uwanmu ne, kuma babu ɗayanmu da ke son a ce ta hanyarsa cutar ta shiga gonar wani.

Amma abin da ka fi ni sani, tunda kai ne likita, shi ne gidan cutar nan tsuntsayen ruwa ne. Agwagi, dinyoyi da danginsu, su ke ɗauke da ita suna zubar da ita a kashinsu cikin ruwa, kuma in ruwan na da sanyi sai ta yi makonni da ranta. Tantabara ba ta cikin wannan layin. Gwaje-gwajen da aka sha yi sun nuna tana da wuyar kamuwa in aka kwatanta da kaza ko talo-talo, in ma ta kamu yawanci abin da take fitarwa kaɗan ne. Ban ce ba ta kamuwa kwata-kwata ba, an samu waɗanda suka kamu har suka mutu, ba zan yi maka ƙarya don in ci gardama ba. Amma dai Hausawa cewa suka yi tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, mu a nan agwagwa ce ta ja ruwan, tantabara ke shan duka.

Kuma bari in faɗa maka inda haɗarin namu yake da kaina, don ka san ba ɓoyewa muke ba. Daren da za a yi tsere kowa na kawo nasa, a duba zoben ƙafa a rubuta, a zuba tantabarun gidaje daban-daban cikin kejuna ɗaya, a loda a babbar mota, suna numfashi waje ɗaya suna shan ruwa a mazubi ɗaya har a kai wurin saki. Wannan cakuɗuwar gaskiya abin dubawa ce. Na biyu, a dogon tsere in rana ta yi zafi wata takan sauka bakin kududdufi ta sha ruwa, ta taka kashin agwagwa, ta dawo gida da shi a ƙafa ko a gashi ko da ita lafiyarta ƙalau. In mai ita yana da kaji a bayan gida to ka ga hanya ta samu. Shi kenan fa, ƙofofin biyu ne, kuma duka biyun ana iya toshe su ba tare da an rufe gidan gaba ɗaya ba.

Wanda ke kiwon kaji ko agwagi tare da tantabaru, a ce bana ya haƙura. Wanda ɗakin tantabarunsa ke kusa da gonar da cutar ta ɓulla, shima ya zauna. A rage nisan tsere zuwa wanda tsuntsu zai dawo cikin awa biyu uku ba tare da ƙishi ya sauke shi ba, a canja wurin saki a kauce wa tafkuna da fadamu, a wanke kejuna da mota da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin da bayan kowace tafiya. Rajista kuwa ai mu muka fi kowa, kowace tantabarar tsere tun tana 'yar kwana shida bakwai ake zura mata zobe mai lamba da shekara wanda ba ya fita har ta mutu, yawancinmu kuma akwai zoben lantarki da ke rubuta sakan ɗin da ta taka ƙofar ɗaki. Ka nuna min kazar kasuwa ɗaya da za a iya bin sawunta haka. Duk wannan mun rubuta mun kai ofishinka tun sati na biyu, aka buga mana hatimi aka ce za a neme mu. Har yau wayata a kunne take.

Kuma ba wai sabon abu muke roƙo ba. A Ingila a watan Nuwamba na 2020 sun hana duk taron tsuntsaye har da tantabaru, sai Afrilun 2021 suka sassauta. Da cutar ta dawo a Nuwamban 2021, kuma ta dawo da ƙarfin da ya fi na baya, sai suka raba, taron kaji da agwagi da danginsu aka hana, tantabaru aka bar su bisa sharuɗɗa, ciki har da sanar da hukuma aƙalla kwana 7 kafin taron. A ƙasashen Turai in cutar ta shiga gona ana zana da'irar killacewa ta kilomita 3 da ta kilomita 10, ta farko aƙalla kwana 21, ta biyu aƙalla kwana 30 bayan an tsaftace wurin. Ka ga mutum zai iya ɗaukar kalanda ya ƙirga. Mu me za mu ƙirga?

Wataƙila a ofis ana ganin ai wasa ne, in an ɗage sai a ci gaba daga inda aka tsaya kamar wasan ƙwallon da ruwan sama ya tsayar. Ba haka tantabara take ba ranka ya daɗe. Ƙwai kwana 18 yake a ƙyanƙyashe, ɗan shila ya yi kamar wata ɗaya a raba shi da iyaye, ya fara leƙen rufin ɗaki, ya fara zagaye gida da 'yan'uwansa, sannan ka fara ɗaukarsa a mota kana saki, kilomita 5, 10, 20, 40, a hankali har hanyar gida ta zauna masa a kai. Wannan karatun lokaci gare shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shilan da ya wuce lokacinsa yana zaune, ranar da ka sake shi daga nesa kai da shi sai dai labari, ko ya ɓace ko shaho ya yi kalaci da shi. Manyan kuma suna zaune suna tara kitse, ga lokacin sake gashi na ƙaratowa, da zarar gashin fiffike ya fara zuba babu mai hankalin da zai tura tsuntsunsa dogon zango. Kakar tsere 'yan watanni ce, in ta wuce sai baɗi. Tantabarar da ke kan ganiyarta bana ba lallai ta kai baɗi a haka ba.

Abin da ya fi ci min rai ma, babu wanda ya iya gaya mana ko horo na ƙashin kai ya halatta. Ni kaɗai, tsuntsayena kaɗai, motata, in sake su su dawo gida, wannan taro ne? Na kira layin da kuka bayar sau uku, na farko ya ce babu laifi, ta biyu ta ce haramun ne za a ci ni tara, na uku ya tambaye ni wai dama ana tseren tantabara? Haba dan Allah.

Sannan ga gawarwakin. Agwagin da saboda su aka tsayar da mu, wasu na nan yashe a bakin ruwa kwana da kwanaki, karnuka na ja, ungulu da shaho na ci, kuma ka san masu cin mushe su ma tana kashe su. Wani abokin kiwona ya kira ya ba da rahoto, kwana biyar kafin a zo. Wato tantabarar da ke da lamba a ƙafa da katin riga-kafi an kulle ta, mushen da aka tabbatar yana da cutar shi an bar shi yana shan iska. Ni dai ban yi karatun likitanci ba amma lissafin nan ya ƙi fita.

Maganar riga-kafi ma, tun shekarun 1980 da cutar nan ta tantabaru mai murɗe wuya, 'yar'uwar cutar Newcastle mai kashe kaji, ta bazu, masu tsere suka saba da allura, babu mai kai tsuntsu keji sai da shaidar an yi masa. Mutanen da suka saba bin doka irin wannan ai abokan aiki ne, da kun jawo mu mu ne za mu fi kowa saurin kawo muku rahoton mushen tsuntsu, don kullum idonmu na sama da bakin hanya. Akwai kuma batun dattawanmu da tseren nan shi ne kaɗai ke fito da su cikin mutane, da masu motocin dako da aikinsu ya tsaya, da kuɗin shiga gasa da aka riga aka tara, amma bari in bar su haka kar wasiƙar ta zama littafi.

Ina roƙonka don girman Allah, ba ina cewa ka buɗe gobe ba. In awonku ya nuna akwai haɗarin da ba mu gani ba, fito da shi mu karanta, wallahi ni zan fara kulle ɗakina in kuma ja kunnen na kusa da ni. In kuma ba a yi awon ba, a faɗa mana ba a yi ba, a sa ranar da za a yi. Abu uku kawai muke jira a rubuce da sa hannunka: ko horon mutum ɗaya ya halatta, wane sharaɗi ne zai sa a ɗage dokar, da ranar da za a sake zama a duba ta.

Ina da 'yan shila 24 a ɗaki yanzu haka, sati uku suka rage in ban fara fita da su ba na haƙura da su bana. Takardarmu na ofishinka, mai hatimin sati na biyu, lambar wayar sakatarenmu na ƙasanta.

Naka,
Wani mai kiwon tantabarun tsere