Amsa ga ƙanena: wai meye amfanin yarjejeniyar nukiliya tsakanin Amurka da Rasha?

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayar da ka jefo min a Facebook, wai tunda Amurka da Rasha ba su taɓa yarda da juna ba, kuma kowacce na da bam ɗin da zai iya tashin duniya, to meye amfanin yarjejeniyar rage makaman nukiliya, ba ɓata tawada ba ne kawai?

Ai rashin yardar ne ma ya sa suke zama a teburi. Ka ɗauki yarjejeniyar New START da Obama na Amurka da Medvedev na Rasha suka sa wa hannu a 2010, kowa lambar nan yake tunawa, 1,550, wato iya kawunan nukiliya masu cin dogon zango da kowacce ƙasa za ta girke, alhali wallahi 1,550 ɗin ma ta yi wa duniya yawa. Ni abin da ya fi min muhimmanci a ciki shi ne bincike. A lokacin da take aiki sosai, har sau 18 a shekara jami'an Rasha na iya shiga sansanin Amurka su ƙirga da idonsu, na Amurka ma su je can, ga musayar bayanai duk wata shida, to janar ɗin da ya san abin da ke hannun abokin gabarsa ba ya shiri da zato, wanda bai sani ba kuwa kullum mafi muni yake ɗauka, ya nemi ƙarin kuɗi ya ƙera wasu, ɗayan ma ya ji labari ya ƙera nashi, haka dai har abin ya fi ƙarfin kowa.

Kuma kar ka ce ba a taɓa gani a ƙasa ba, yarjejeniyar INF ta hana makamai masu linzami masu matsakaicin zango, wadda Reagan na Amurka da Gorbachev na Tarayyar Soviet suka ƙulla a 1987, makamai masu linzami 2,692 aka lalata a dalilinta.

Inda kake da gaskiya shi ne babu ɗansandan da zai kama wanda ya saɓa. Bush ya fice daga ABM, wato yarjejeniyar taƙaita na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami, a 2002, Trump ya fice daga INF a 2019 yana zargin Rasha da ha'inci, binciken New START ya tsaya tun lokacin korona a 2020, Putin kuma ya jingine ta a Fabrairun 2023, dama ƙarin wa'adin da aka mata a 2021 shekara biyar ne kacal. Ni ban wanke ko ɗayansu ba. Ga Chana a gefe, Amurka na cewa dole ta shigo teburin, ita kuma tana cewa ku da kuka fi ni tarawa nesa ba kusa ba ku fara ragewa tukunna.