Rahoton Kwamitin Gyara Kan Sabunta Bututun Ɗumama Manja a Matatarmu ta Kano

Assalamu alaikum. Wannan bayani ne kan aikin da hukumar gudanarwa ta ɗora wa kwamitin gyara bayan hunturun bara: sabunta siraran bututun tururi da ke raka bututun manja, waɗanda ma'aikata ke kira 'yan rakiya, tare da tarkunansu, wato na'urorin da ke fitar da ruwa daga cikinsu. Alhamdu lillahi an gama, an gwada, layi yana aiki. Lissafin kuɗi yana cikin wata takarda daban da muka miƙa wa ofishin akanta.

Manja yana fara kauri da zarar zafinsa ya yi ƙasa da wajen digiri 35, ga shi kuma a Disamba da Janairu sanyin asubar Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ƙa'idar Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, kan ajiya da jigilar man girki ta ce a loda manja ko a sauke shi yana tsakanin digiri 50 da 55. Bara ba mu samu haka ba. Tanka ta iso daga kudu, a kunna famfo, ya yi ta gurnani ba ya tura komai, har ta kai masu aikin dare suna gasa bututu da wuta. Wannan ya tayar mana da hankali ƙwarai, domin wuta kusa da mai ganganci ne da rayuka, kuma an hana shi daga yanzu.

Kowa cewa yake yi boila, wato tukunyar da ke dafa tururi, ita ce ba ta ba da isasshen tururi. Da muka yaye lulluɓin muka bi layin da ma'aunin zafi, sai ga 'yan mitocin farko na kowane ɗan rakiya da zafi jau, sauran kuwa da ƙyar suke da ɗumi. Ruwa ne cike da su. Tururi yana ba da zafinsa ne a lokacin da yake komawa ruwa, kuma in ruwan bai fita ba, sabon tururi ba shi da wurin shiga. Aikin tarko ke nan: ya saki ruwa da iska, ya riƙe tururi.

Babban kuskuren da muka tarar shi ne an tara 'yan rakiya huɗu a kan tarko ɗaya. Wanda ya fi gajarta shi ke fara kai tururi bakin tarkon, tarkon ya rufe, ruwan dogayen ya maƙale a baya. A wasu wuraren an naɗe ɗan rakiya kamar rawani a jikin bututun kwance, kowane zagaye ya zama kwarin da ruwa ke kwanciya. Wayar da aka ɗaure da ita ta yi tsatsa ta tsinke, ɗan rakiya ya saki jiki yana ɗumama iska. An kuma ɗebo tururin daga ƙasan babban bututu, inda ruwa da datti ke bi, sannan ruwan damina ya jiƙe lulluɓin sharkaf.

Mun raba bututun manja mai inci 3, tsawon mita 186, gida bakwai, babu wanda ya wuce mita 30, kowane da bawul ɗinsa da rariyarsa da tarkonsa. Tururi yanzu daga saman babban bututu ake ɗebo shi, ya shiga ta wuri mafi tudu ya gangara zuwa tarko. An sa bawul mai rage matsi (da bar ake auna matsi), daga bar 10 na boila, mai zafin digiri 184, zuwa bar 3, wato digiri 144. Dalili shi ne idan famfo ya tsaya, man da ke kwance a bututu yakan ƙone ya canja launi in zafin ya yi yawa.

Sabon ɗan rakiyar na jan ƙarfe ne mai rabin inci, miƙe sambal a ƙasan bututun ta ɗan gefe, kamar inda lamba 5 take a fuskar agogo, an ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe marar tsatsa duk bayan santimita 30. An yi muhawara kan jan ƙarfe, domin yana saurin lalata man girki idan ya taɓa shi. Mun yarda da shi a waje kawai saboda sauƙin lanƙwasa da saurin ba da zafi. A cikin tanki ƙarfe marar tsatsa ne. Ɗaurin kuma ba a matse shi har ya hana motsi ba, don jan ƙarfe mai mita 30 yakan ƙaru da kusan santimita 6 idan ya ɗauki zafi. A kowace mahaɗa mai noti an yi masa lanƙwasa a kwance, ba a tsaye ba, ba kuma a rataye ba, don kada ta tara ruwa. Sannan aka rufe da audugar dutse mai kaurin milimita 50 da fallen alminiyam, bakin haɗin yana kallon ƙasa.

Zaɓen tarko ne ya fi cin lokacinmu, kuma ya cancanta. Gaba ɗaya mun sa guda 18, iri uku.

A layin manja mun sa bakwai masu aiki da zafi. A cikin kowane akwai ɗan ƙwanso kamar kwabo, ɗauke da wani ruwa mai tafasa ƙasa kaɗan da ruwan sha. Tururi na isowa sai ya kumbura ya toshe hanya. Idan ruwa ya taru ya huce da kamar digiri 12, ya saki. Mun zaɓe shi ne domin a sanyi buɗe yake wangwam, don haka yana korar iska da sauri lokacin tashi, kuma ɗan zafin da ke cikin ruwan ma ana cin moriyarsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma muna roƙon kada a manta: mita guda na bututun da ke gabansa da shi kansa tarkon a bar su tsirara. Duk wanda ya lulluɓe su da niyyar alheri ya hana ruwan hucewa, tarkon ya ƙi buɗewa.

Layin sitiyarin, wato daskararren kason manja, ba ya jure wannan jira, domin sai zafi ya haura digiri 44, wani har 56, yake narkewa. Mita 48 ne, mun raba shi biyu, kowane gida da 'yan rakiya biyu da aka shafe da simintin isar da zafi, da tarkuna masu faifai, huɗu gaba ɗaya a layin, waɗanda ke fitar da ruwa da zafinsa. Mai faifai yana da nasa halin. Idan matsin da ke bayansa ya haura kashi 80 cikin 100 na wanda ke gabansa, ba ya rufewa. Bututun mayar da ruwa boila yana hawa mita 4, kowace mita kuma tana ƙara kusan bar 0.1, saboda haka muna da sarari, amma mun sa bawul mai hana komowa. Mun kuma sa wa kowane hula, don idan ruwan sama ko iskar hunturu ta bugi kansa, sai ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, faifan ya cinye da wuri. Irin wannan muka sa guda biyar a aljihunan tara ruwa na babban bututu.

Sauran tarkuna biyun masu ƙwallo ne, wanda ke tasowa a kan ruwa ya buɗe hanya, a kan bututun ɗumama tankuna, inda ruwa ke da yawa kuma yake hawa da sauka. Tarkuna masu kifaffen bokiti da ke sito ba mu taɓa su ba: suna jinkirin fitar da iska, ga layinmu ana yawan kashewa da kunnawa. Mun kuma ƙi shawarar sayo masu inci ɗaya. Ruwan ɗan rakiya 'yan kilo ne a awa, rabin inci ya ishe shi, babban tarko kuwa in ya lalace a buɗe asararsa ta fi yawa.

Ranar gwaji tarkuna biyu suka ƙi zafi. Da aka kwance rariyarsu, ɓurɓushin walda ne da guntayen zaren naɗa mahaɗar bututu, saboda ba a busa layin ba kafin ɗaura su. Wani kuma an juya kibiyarsa, mai nuna inda ruwa zai bi, baya. An gyara duka a ranar. Da asuba man da ke ƙarshen layi ya nuna digiri 51.

Ga masu aiki: a buɗe tururi sannu a hankali, don buɗewa farat ɗaya kan tunkuɗo ruwa ya daki gwiwar bututu kamar guduma. Farin hayaƙin da ake gani a bawul ɗin gwaji ba lallai yoyo ba ne. Kusan kashi 8 cikin 100 na ruwan da ya fito daga bar 3 yakan sake zama tururi. In yana fita yana tsayawa, lafiya lau. In yana huci babu ƙaƙƙautawa, a rubuta lambar da ke rataye a jikin tarkon a kai wa fita, mai gyaran bututu. Za a riƙa zagaya su duk wata uku.

Abin da ya rage shi ne rigunan lulluɓe bawul guda tara da ba su iso ba. Kafin su zo, duk lokacin da za a tsayar da famfo fiye da awa biyu, a tsiyaye man da ke cikin bawul ɗin sauke tanka.